Na Ga Ƙarfen Yana Tahowa

Ban yi boko ba, na allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Matar ɗana ce zaune a gabana da biro da littafi, ina faɗa tana rubutawa. Na riga na gaya mata in kuka ya zo mini kada ta tsaya lallashi, ta bar ni in gama mu ci gaba. Mijina Malam ya daɗe da rasuwa, amma har yau in na ji ana juye ruwa a baho sai in ga bakin tekun nan, in ga farin jirgin, in gan shi zaune a baya da hularsa a karkace.

Sai na fara da abin da yaran yanzu ba su sani ba, in ba haka ba ba za a gane ni ba. Mijin mai rubutun nan shi ne ɗana na fari. A Yawuri inda na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Ana yaye shi mahaifiyar Malam ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, taku goma daga nawa. In ya faɗi ya fasa gwiwa ina daka, ta gefen ido nake kallo, wata ce za ta ɗaga shi ta karkaɗe masa jiki. Kunya ce, haka muka tarar ana yi. Malam shi ya yar da tasa tun yaron yana firamare, yana kiran sunansa gatsal har mutane suna yi da shi. Ni na kasa. Sai Malam ya zama ɗan aike a tsakaninmu. In ce, “Malam, a gaya masa abinci ya sauka.” Shi kuma ya ce, “Baba, a faɗa wa Inna na ci jarrabawa.” Ko a ɗaki ɗaya muke haka za mu yi. Malam yakan kwashe da dariya ya ce, “Ni dai kun mai da ni gidan waya, ko kan sarki ba kwa mannawa.”

Malam ɗan ruwa ne. Da kwalekwale ya ci da mu, yana fiton mutane da kaya a kogin Kwara tun yana saurayi har furfura ta cika masa gemu. Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki buta, ya zube. Ɓarinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, yana ja da sanda, hannun kuwa bai dawo ba. Harshensa ya yi nauyi. In hankalinsa a kwance yake, maganar takan fito a hankali ɗaya bayan ɗaya, har da barkwancinsa. In ya firgita ko ransa ya ɓaci, sai bakin ya ƙulle gaba ɗaya.

A lokacin ɗana yana Maleshiya. Ya je ƙaro karatu, ya gama, suka riƙe shi yana koyarwa. Shekarun nan ne da wayar hannu ta fara shiga hannun kowa a gida. Ya aiko aka yi mana takardu, muka hau jirgin sama a duba Malam a can. Gidansu yana wata unguwa a Kuwala Lumfur da ake ce wa Sri Petaling, gidaje jere a manne da juna, maƙwabta yawanci Sinawa. Sau biyu a mako ake kai Malam asibiti a motsa masa gaɓoɓi. Sauran kwanakin a ƙofar falo yake wuni yana kallon ruwan sama, don can kusan kullum sai an yi bayan azahar. Abinci loma biyu ya ture. Ina kallonsa yana ƙarewa, ba abin da zan iya.

Rannan da la'asar muka ji ana ta hon a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga ɗana ya jawo wani abu a bayan motarsa, a kan amalanke mai taya biyu. Jirgin ruwa ne fari, tsawonsa bai fi motar da yawa ba, da wani dogon ƙarfe a kwance a kansa. Wai wani bature abokin aikinsa ne zai koma ƙasarsu ya bar masa. Malam ya miƙe da kansa, ya ja ƙafa har bakin titi. Ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa cikinsa da hannun hagu.

“Roba ce,” in ji shi. “Wannan ai bahon wanka ne. Ina filafili?”

“Baba, iska ce ke tura shi.”

“To in iskar ta tafi unguwa fa?”

Ranar malmala biyu ya ci, ya ce a ƙaro miya.

Daga nan muka shiga wahalar jirgin nan, kusan kowace Asabar. Tun da safe za a ɗaura amalanken a mota, mu biyar: ni da Malam, da ɗana da matarsa, da 'yarsu ƙarama da ba ta amsa mini sai da yaren mutanen can. Mu yi tafiyar awa ɗaya da wani abu zuwa wani gari na bakin teku da suke ce wa Fot Dikson. Akwai wani gangaren siminti da ake tura jirgi ya shiga ruwa, kuma da baya-baya ake zuwa. Ɗana ya iya karatu, amma ja da baya da amalanke ya gagare shi. In ya murza nan, jirgin ya nufi can. Mutanen wurin suka taru suna ɗaga hannu suna “Bole! Bole!”, wato zai yiwu. Malam ya leƙo ta taga ya ce, “Jakin gidan ƙanena ya fi wannan jin magana.” Sai da majiya ƙarfi huɗu suka kwance amalanken suka tura da hannu.

Fita ta biyu ɗana ya manta bai toshe wata 'yar kafa da ke bayan jirgin ba. Muna cikin tafiya na ji sanyi a idon sawuna. Na duba, ga kular shinkafata tana yawo, ga dambun naman da na taho da shi tun daga gida ya zama kunu. Na ce, “Malam, a gaya masa ruwa ya shigo.” Malam ya ce, “Hajiya ta ce a gaya maka mun nutse.” Da murfin kula muka kwashe ruwan, muka dawo jiƙe sharkaf, muka ci gurasa da miyar wake a shagon Indiyawa Musulmi da suke kira mamak.

Fita ta uku ruwan ne ya gudu ya bar mu. Mu a gida kogi wata da watanni yake yi yana janyewa, kowa ya san lokacinsa. Can kuwa mun tsaya cin abinci a wani lungu, kafin mu wanke hannu jirgin ya zauna daram a kan taɓo, teku ta koma can nesa. A zaune muka yi azahar, muka yi la'asar, rana tana gasa mu, ƙananan ƙaguwa suna zagaye mu. Malam ya daɗe yana kallon taɓon, ya ce, “Ruwan ƙasar nan ba shi da alkawari.” Amma fuskarsa ta ciko, har wani haske take yi. Duk wannan wahalar, ban taɓa cewa a bar ni a gida ba. Ina tsoron ruwan kamar raina, amma tsoron komawarsa ƙofar falo ya fi.

A hankali na gane kan jirgin. Dogon ƙarfen nan tsayar da shi ake yi a tsakiya, a ja wani farin ƙyalle kamar tanti ya hau, iska ta cika shi. A ƙasan ƙyallen akwai wani ƙarfen a kwance, daidai kan mutum in yana zaune. In za a juya, wannan ƙarfen yakan sharo daga gefe guda zuwa ɗayan, ɗana ya ce, “Ku sunkuya!” mu duka mu duƙa ya wuce. Ni ba ni da aikin yi sai kallo, don haka na riƙe alamarsa. In iska tana bayanmu, bakin ƙyallen ya fara rawa yana lanƙwasowa ciki, to ƙarfen yana tafe, ko an kira shi ko ba a kira shi ba.

Ranar da abin ya faru, ke mai rubutu cikinki ya tsufa, kika ce ba za ki shiga ba, kika zauna a inuwar bishiya da yarinyar. Ke kika ɗaure mini rigar nan mai ruwan lemo da ke hana mutum nutsewa, kika ɗaure wa Malam. Mijinki ya rataya tasa a buɗe, kika bi shi har cikin ruwa kina cewa, “Malamin makaranta guda ba ya jin magana,” kika ɗaure masa. Allah Ya saka miki. Rubuta wannan, kada ki tsallake don kunya.

Mu uku muka fita. Iska mai daɗi, ruwa a kwance. Da muka yi nisa har mutanen gaɓa suka zama kamar tururuwa, ɗana ya dubi ubansa ya ce, “Baba, karɓi.” Ya ɗora hannun Malam na hagu a kan sandar tuƙi. Tun da ciwon nan ya same shi bai riƙe ko akalar akuya ba. Ya gyara zama, ya ɗaga haɓa, ya ƙura wa gaba ido. Na ga mutumin da aka kai ni gidansa ina yarinya. Ya ce da ni, bai ko kalle ni ba, “Hajiya, ina za a sauke ki? Kuɗin fito a hannu.”

Aka juya za a koma, iska ta dawo bayanmu. Wata igiya ta sarƙe a gaba. Ɗana ya ce, “Baba, a ce wa Inna ta riƙe wannan,” ya ajiye igiyar ƙyallen kusa da gwiwata. Na ɗauka na nannaɗe ta a hannu. Ya matsa tsakiya ya ɗan miƙe yana warware abin, ya ba mu baya.

Sai na ga bakin ƙyallen ya fara rawa.

Na gani. Ki rubuta shi yadda na faɗa. Na gani da idona, na san abin da zai biyo baya, kuma akwai lokaci. Tsakanina da ɗana bai fi in miƙa hannu in taɓa rigarsa ba. Sunan ya taso mini har maƙogwaro. Da na kira shi sau ɗaya, da ko “Kai!” na ce da ƙarfi, da ya duƙa. Amma bakina bai san wannan hanyar ba. Shekara arba'in da wani abu hanya ɗaya ya sani. Na juya na ce, “Malam, ka ce masa ya sunkuya.”

Malam ya waiwayo don ya ji abin da na ce, waiwayen ya ja sandar tuƙin. Ya ɗaga kai ya gani. Bakinsa ya buɗe, “Su… su…” Harshen ya ƙulle.

Ƙarar da ƙarfen ya yi a kan ɗana, har yau in an sa taɓarya a busasshen turmi sai na toshe kunne. Bai ko yi ihu ba. Na ga tafin ƙafarsa, sai ruwa.

Jirgin ya ƙara wuta. Ƙyallen ya cika da iska ta ɗaya gefen, muna ta gudu muna barinsa a baya. Ni kuwa na ƙanƙame igiyar nan da hannu biyu, gani nake in na sake ta shi na saki. Ashe riƙon nawa ne ke gudu da mu. Malam yana ta bugun cinyata da gwiwarsa, idanunsa sun fito, yawu yana zuba ta gefen bakinsa. Da ƙyar ya tattaro kalma ɗaya: “Saki!” Na warware. Igiyar ta zare da fatar tafina. Ya kwanta da ƙirjinsa a kan sandar tuƙi, jirgin ya juyo ya fuskanci iska, ƙyallen ya hau kaɗawa fat-fat-fat, muka tsaya.

Tsayuwar ba ta amfane mu da komai ba. Can baya muke hango ɗigon ruwan lemo, ya ɓullo, ya ɓace, ya sake ɓullowa. Akwai wani ɗan filafili da Malam ya matsa aka saya. Ya jawo shi ya soka a ruwa da hannu ɗaya, ya tokare da haɓa. Mutumin da ya ƙetare Kwara da buhu ashirin a lokacin cikowa, ga shi jirgin yana ta zagaya da shi a wuri ɗaya. Na karɓa, ban taɓa riƙewa ba, ina ta dukan ruwa kawai. Malam ya fara kiran sunan ɗansa, rabi-rabi yake fita, yana kira yana kuka. Ni ina “Wayyo Allah! Jama'a! Jama'a!” A nan ma, a tsakiyar teku, ba mai jina sai Allah da mijina, sunan bai fito ba.

Wasu masunta biyu a jirgi mai inji su suka hango ƙyallen yana kaɗawa ba kan gado. Suka zo, Malam ya nuna musu da filafili. Suka tsamo shi, idonsa biyu amma bai san inda yake ba, jini ya rufe masa wuya. Suka ɗaura mana igiya suka ja mu zuwa gaɓa. Sauran ke kin fi ni sani, ke kika tuƙa motar da cikinki. An yi masa ɗinki a bayan kunne. Kunnen hagu bai ƙara ji ba.

Kwana uku bayan an sallamo shi, yana kwance a doguwar kujera da bandeji, ya ce, “Baba, wai yaya aka yi?” Ina bakin kicin da tire a hannu. Malam bai kalli inda nake ba. Ya ce a hankali, “Hannuna ne ya kuɓuce. Ban gani ba, ba wanda ya gani.” Ɗana ya ce, “Laifina ne da na ba ka.” Na ajiye tiren na koma ciki.

Washegari bayan la'asar muna zaune mu biyu a ƙofar gida, kusa da jirgin. Na ce, “Malam, ka ɗauki abin da ba naka ba.”

“Ni kowa ya san hannuna ba lafiya,” in ji shi. “Ba mai riƙe ni. Ke in ya ji, da me zai auna?”

“To ai ba zai ƙara ba ka tuƙi ba.”

“Na yi na yau da gobe a ranar nan.” Ya daɗe yana shafa tayar amalanken da sandarsa. “Hajiya, gidan waya ya kusa rufewa. Ki koyi kiransa.”

Na ce to. Ban koya ba.

Aka sayo tamfol shuɗi aka lulluɓe jirgin. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Sau ɗaya Malam ya ce, “Yau iska tana da kyau,” ɗana ya ce, “Baba, bari ka ƙara samun ƙarfi.” Ba da faɗa ya faɗa ba, tsoro ne, yana gani shi ya kusa kashe mu duka da ya ɗora wa marar lafiya abin da ya fi ƙarfinsa. Da na buɗe baki na ce hannun Malam lafiya lau ya riƙe, ni ce na sa ya waiwaya, da an yaye tamfol ɗin. Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa. Amma ta bakin wa? Ɗan aikena shi ne ya hana a kai saƙon. Malam ya koma ƙofar falo. Ruwan sama yana taruwa a kwarin tamfol, yakan sa sanda ya zubar. Daga baya ya daina. Loma biyu ta dawo, ta koma ɗaya. Bayan sunan jaririnki da 'yan makonni ciwon ya sake bugunsa, kwana biyu ya yi a asibiti. A can aka binne shi, a maƙabartar Musulmin garin, cikin jar ƙasa mai danshi. Ban san hanyar ba ko da za a mai da ni yau.

Da na fita takaba aka sa ranar komawata gida. Za a kai ni filin jirgi, na nufi kujerar baya, kika ce, “Inna, shiga gaba,” wurin zaman Malam. Motocin can direba a dama yake zama, don haka kunnen ɗana na hagu ne ta wajena, da tabon ɗinkin a bayansa. Kina baya kina fama da jariri. Muna kan babban titi, ya ƙura wa hanya ido. Na dubi tabon nan na daɗe. Sai na kira sunansa, a hankali, sau ɗaya. Na ji shi a bakina kamar ba da harshena aka faɗa ba. Bai juyo ba. Na san ba zai ji ba, shi ya sa na iya. Shi ke nan kiran da na taɓa yi masa tun da na haife shi.

Kin ajiye biro. Ɗauki, saura kaɗan.

Yanzu ga mu duka mun dawo gida, ina zaune a gidansa, ke kika gaji aikin Malam, “Inna ta ce, Inna ta ce.” Shi ma furfura ta fito masa. In ana masa magana yakan karkato da kunnen dama, duk sanda ya yi haka sai in kau da kai. Ran nan na ji shi yana ba baƙi labarin jirgin, suna ta dariyar taɓo da dambun nama. Da ya zo ƙarshe ya rage murya ya ce, “Allah Ya jiƙan Baba, hannunsa ne ya kuɓuce.” Na kwana biyu ban ci abinci ba. Shi ya sa na ce ki nemo littafi.

Hannun Malam bai kuɓuce ba. Ya riƙe jirgin nan sosai, ya kuma tsayar da shi da ƙirjinsa. Ni ce na ga ƙarfen yana tahowa.

Kin ce ga shi can a tsakar gida yana alwala, in kira shi in faɗa masa da bakina. Na ji. Kin gani ai, na buɗe bakin. Bari ya dawo daga masallaci, ni zan shiga ɗaki in ja labule. Ki kai masa littafin. In ya ce ki karanta masa, ki tsaya ta damarsa.